Hadari Ya Haɗo, Gaba Ya Faɗi: Faɗakarwa Kan Fargabar Sauyin Yanayi

A da, in hadari ya taso daga gabas bayan doguwar bazara, murna ake yi. Yara su fito tsakar gida suna tsalle, mata su jera bokitai a ƙarƙashin indararo, manomi ya ɗauko sungumi ya duba irin da ya ajiye. Ƙamshin ƙasa a ruwan farko kaɗai ya isa albishir. Yau kuwa, a garuruwa da dama na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, da zarar sama ta yi duhu sai gaban mutane ya faɗi. Akwai uwar da ba ta runtsawa muddin ana ruwan dare, tana zaune da tocila a hannu tana haska gindin katanga. Akwai yaron da ke toshe kunne ya ƙanƙame yayarsa in an yi tsawa. Akwai magidancin da ya ci bashi ya sayi taki, amma kullum zuciyarsa na raya masa ɗayan biyu: ko ruwa ya ɗauke gero na shirin fitar da kai, ko ya yi yawa ya shafe gonar.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiran wannan hali fargabar sauyin yanayi. Sunan sabo ne, amma abin da yake nufi ya daɗe da shiga gidajenmu. Ya kamata mu san daga ina fargabar take, yadda take cin mutum, da kuma yadda za mu mayar da ita shiri kafin ta zame mana ciwo.

Ruwa ba ya tsami banza

Duk wanda ke jin wannan tsoro yana da hujja. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya shigo Maiduguri cikin dare mutane na barci. Ya mamaye Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya shanye unguwanni irin su Gwange. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya rasa mafi yawan dabbobinsa, kadoji da macizai suka bi ruwa suka shiga cikin gari. Ɗaruruwan dubban mutane suka bar gidajensu, kuma da yawa daga cikinsu waɗanda rikicin Boko Haram ya riga ya raba da garuruwansu ne, sai ga shi sun sake ɗaukar ƙunshin kaya a ka. Dattawan garin ba su manta ba cewa a 1994 ma wannan madatsa ta taɓa yin haka.

Mako guda kafin wannan, a ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe saboda mamakon ruwa. A daminar 2024 Nijar ta rasa fiye da mutum 300, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, jihar Maraɗi na cikin inda abin ya fi muni. Sai kuma asubahin 29 ga Mayu, 2025, a Mokwa ta jihar Neja, inda ruwa ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tabbatar da rasuwar fiye da mutum 150, wasu da yawa kuma suka ɓace. Kafin waɗannan duka akwai ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu. Manoman Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa da Ringim sun san abin da ta yi wa gonakinsu.

Zafi ma bai bar mu ba. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumin Ramadan, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma duk yankin Sahel ya ɗanɗana wannan ƙuna. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafin yanayin duniya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hayaƙin man fetur da kwal da iskar gas da ake ƙonawa a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki yana taruwa a sama, ya riƙe zafin rana kamar bargo. Iska kuma in ta ɗumama tana ɗaukar tururin ruwa fiye da da, kusan ƙarin kashi 7 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Shi ya sa ruwan da a da yake sauka sannu a hankali cikin makonni, yanzu sai ya zubo a dare ɗaya, sannan a yi kwanaki ba ko ɗigo. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauyin yanayi yana kawo ruwa mai yawa, amma magudanar da muka toshe da leda, da gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa, da madatsun da aka bari ba gyara, da itatuwan da muka sare, su ke mayar da ruwan bala'i. Wannan ɓangare yana hannunmu, kuma a nan mafita take farawa.

Yadda fargabar ke cin mutum

A shekarar 2021 wasu masana suka tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe goma, har da Nijeriya, aka buga sakamakon a mujallar Lancet Planetary Health. Kashi 59 cikin 100 suka ce suna cikin matsananciyar damuwa game da sauyin yanayi. Kashi 75 suka ce gobe tana ba su tsoro. Fiye da kashi 45 suka ce damuwar tana taɓa rayuwarsu ta yau da kullum, kamar barci da cin abinci da karatu. Wannan ya nuna wa matashin da ke jin haka a Gusau ko Tawa cewa ba shi kaɗai ba ne.

A wurinmu fargabar kala biyu ce. Akwai firgicin wanda abin ya riga ya faɗa wa: ya ga ruwa ya tafi da ɗansa, ko ya kwana a kan rufi yana jiran kwale-kwale. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Irin wannan mutum yakan yi mafarkin ruwa, ya firgita da ƙarar kwano in ana yayyafi, ya ƙi bin hanyar da abin ya faru. Akwai kuma zullumin abin da bai zo ba tukuna: makiyayin da ke kallon burtali na ƙanƙancewa, masuncin Tafkin Chadi da ya ji labarin faɗin tafkin a shekarun 1960 yana kwatanta shi da na yau, da saurayin da ke tunanin ko gonar gado za ta iya riƙe shi da iyali.

Mu Hausawa ba mu cika cewa muna cikin damuwa kai tsaye ba. Jiki ne ke magana. Sai ka ji mutum yana kukan ciwon kai da ba ya jin magani, ko nauyin ƙirji, ko bugun zuciya, ko kasala, ko ya ce tunani ya yi masa yawa. Magidanci mai haƙuri ya koma mai faɗa a gida. Uwa ta daina sha'awar abinci. Yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya ƙi zuwa makaranta in ya ga gajimare. Saurayi ya fara neman abin da zai kashe masa tunani, daga nan a faɗa shan maganin tari da ƙwayoyi.

Kuskure biyu muke yawan yi wa masu wannan hali. Na farko, mu ce iska ce ko sammu, mu yi ta yawo da mutum har abin ya yi nisa. Na biyu, mu ce raunin imani ne, mu rufe masa baki da cewa ai ƙaddara ce, ya yi shiru. Haƙuri da ƙaddara gaskiya ne, amma mai imani ma yana jin zafin rashi, yana kuka, yana firgita. Wanda aka kunyata saboda ya bayyana tsoronsa zai haɗiye shi, kuma abin da aka haɗiye ba ya fita, sai dai ya koma ciwo.

Abin da mutum zai yi wa kansa

Matakin farko shi ne ka yarda cewa kana jin tsoro, ka kuma faɗa wa wani. Miji ya faɗa wa matarsa, mata ta faɗa wa ƙawarta ko yayarta, saurayi ya faɗa wa abokinsa a majalisa. Sau da yawa za ka tarar wanda ka faɗa wa shi ma yana ɗauke da irin wannan nauyi, yana jiran wanda zai fara magana.

Na biyu, ka kula da abin da kake zuba wa idonka. Bidiyon gawawwaki da gidaje na rushewa da ake turawa a WhatsApp da Facebook da TikTok, kallonsa sau goma ba ya ƙara maka ilimi, sai firgici. Wasu ma tsofaffi ne, ko na wata ƙasa, ana liƙa musu sunan garinku. Ka zaɓi kafar labarai da ka amince da ita, ka saurara sau ɗaya ko biyu a rana, ka ajiye waya kafin kwanciya. Kada ka tura abin da ba ka tabbatar ba.

Na uku, in gaba ya faɗi, zuciya ta hau bugu, ka zauna ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka maimaita na 'yan mintuna. Jiki yana lafawa da haka. Alwala da salla cikin natsuwa, zikiri, addu'a, tafiya a ƙasa da yamma, da riƙe lokacin ci da na barci, duk suna taimaka wa zuciya ta dawo daidai.

Na huɗu, ka raba damuwarka gida biyu. Hayaƙin masana'antun duniya ba ka da iko a kansa yau. Yaɓen katangarka, kwatar ƙofar gidanka, da inda iyalinka za su nufa in ruwa ya shigo, waɗannan kana da iko a kansu. Zuciya tana samun sauƙi in hannu ya samu aikin yi.

In kuma abin ya wuce wata guda ba sauƙi, mutum ba ya barci, ba ya iya aiki ko kula da yara, ko ya fara maganar gara ya mutu ya huta, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma ma'aikacin asibitin da ke kusa da kai zai iya nuna hanya. Zuwa can ba hauka ba ne. A farkon 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta kare mutuncin masu neman irin wannan magani.

Su kuwa yara, kada a yi musu ƙarya cewa ba abin da zai faru, domin sun gani da idonsu. A faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, a nuna musu shirin da aka yi, a ba su ɗan aiki, kamar riƙe tocila ko ba shuka ruwa. Yaro yana karanta fuskar uwa da uba kafin ya saurari maganarsu.

Tawakkali da shiri tafiyarsu ɗaya

Addini bai ce mu naɗe hannu ba. Malamai sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka sanar da shi fari na tafe, tanadin hatsi ya yi na shekara bakwai, ya ceci al'umma. Kakanninmu ma sun ga yunwar Kakalaba a wajajen 1914, da 'Yar Buhu a 1927, iyayenmu kuma sun ga farin 1973 da na 1984. Sun raɗa wa masifun suna, sun ba da labarinsu, sun kuma fito da dabaru: rumbun tsimi, haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, kiwon tumaki da awaki don ranar buƙata, da gayya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda ke ganin al'umma ba za ta iya juya lamari ba, ya dubi Maraɗi. A farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, aka kare su daga dabbobi da gatari, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira dabarar sassabin zamani, suka riƙa koya wa juna. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga na yankin Agye, mutane suka kafa kwamitin sa ido don hana saran itace ba izini. An ƙiyasta cewa wannan aiki ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Da yawansu gawo ne, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabbobi abinci, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. A yankin Tawa kuma, ramukan tara ruwan sama irin su tassa da rabin wata sun mayar da faƙon da aka fid da rai da shi gona. Babu injin da ya yi wannan aiki. Talakawa ne da adda da fartanya da haɗin kai.

Aikin unguwa da ƙauye

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace unguwa ko ƙauye da ke bakin kogi, ko cikin kwari, ko inda ruwa ke kwanciya, tana buƙatar ƙaramin kwamiti ƙarƙashin mai unguwa ko dagaci, wanda ya haɗa limami, fasto inda akwai coci, matasa, da mata. Kada a bar mata a baya, domin su suka san gidan da ke da mai ciki, da mai jego, da tsohuwar da ba ta iya tafiya.

Aikin kwamitin ya fara tun da rani. A zaga a gano inda ruwa ke shigowa da inda yake taruwa. Dattawa sun san tsofaffin hanyoyin ruwa da aka gine. A kira gayya a yashe magudanai da kwalbatoci kafin ruwan farko, a kuma hana zuba shara a ciki. Inda ake da jinga a bakin kogi, a ƙarfafa ta da buhunan ƙasa, kamar yadda al'ummomin kwarin Haɗeja suka saba, tare da sare ciyawar kachala da ke toshe hanyar ruwa. A taimaki gwauraye da marayu da yaɓen ɗakunansu da gyaran indararo.

Sannan a rubuta sunayen tsofaffi da masu buƙata ta musamman da marasa lafiya, a ba kowannensu matashin da zai je ya fitar da shi in an yi shela. A tsayar da tudun da za a taru, kowa ya san hanyarsa ko da dare ne. A kafa sanda mai alama a bakin kogi, a sa masu duba ta in ana marka, a amince da yadda za a sanar da jama'a, ko da lasifikar masallaci, ko sanƙira, ko kiran waya. Garuruwan da ke saman kogi su riƙa sanar da na ƙasa in ruwa ya ƙaru. A Nijeriya, hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. A nemi wannan bayani, a karanta shi a masallaci da kasuwa da Hausa, manoma su yi amfani da shi wajen zaɓen lokacin shuka da irin da ke nuna da wuri.

Kowane gida ya haɗa takardun gona da na gida da na makaranta da katin shaida a leda mai ƙarfi, tare da magungunan masu ciwon suga da hawan jini, a ajiye inda hannu zai kai cikin duhu. In an ce a tashi, a tashi. Kaya ana sake samu. Kada a ratsa ruwa mai gudu, domin wanda bai wuce ƙauri ba ma yana kayar da babban mutum. A kashe wutar lantarki in ruwa ya shigo gida. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha, domin amai da gudawa na biyo bayanta. Da bazara kuma a riƙa leƙa tsofaffi, a ba su ruwa, a fitar da su inuwa.

Adashe ma yana da rawar takawa. In ƙungiyar mata ko ta 'yan kasuwa ta ware ɗan kaso don gaggawa, ko manoma suka zuba tiya-tiya a rumbun gari lokacin kaka, wanda bala'i ya faɗa wa ba zai sayar da akuyarsa ta ƙarshe ba. Kuma bayan ruwa ya janye, masu raba kayan agaji sun tafi, a ci gaba da zuwa jaje. A lokacin ne kaɗaici ke kama mutum.

Shirin al'umma ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Gyaran madatsu, gina manyan magudanai, hana raba filaye a hanyar ruwa, da isar da gargaɗi a kan lokaci haƙƙi ne da ke wuyan gwamnati. Unguwar da ke da kwamiti da rubutaccen bayani ta fi ƙarfin murya a gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa fiye da mutum ɗaya mai ƙorafi.

Ya kai mai karatu, in gabanka na faɗuwa idan hadari ya haɗo, ka sani lafiyarka ƙalau, kuma maƙwabcinka ma yana jin abin da kake ji. Kada ka jira sai ruwa ya zo wuya. Ka je wurin mai unguwa a wannan mako ka nemi a kira taro. Malam, ka sa wannan batu a huɗuba. Uwa, ki tayar da shi a wurin adashe. Matasa, ku ɗauko shebur ku fara da kwatar layinku, ku bar tohon itace ya girma a gonakinku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin ruwa da fari, ya jiƙan waɗanda muka rasa.